Ikwalaiza da Sautin Samfur a Fiyano: Abin da Take Gyarawa da Abin da Ya Fi Ƙarfinta

A kudancin birnin Kaduna, daga Kakuri zuwa Sabon Tasha, daga Barnawa zuwa Narayi, Television, Unguwar Romi da Gonin Gora, da wuya a shiga majami'a, zauren biki ko ƙaramin situdiyo ba a tarar da fiyano ba. Matashi ɗaya da yatsu goma yana fitar da ganga, jita, sarewa da kalangu a lokaci guda. Sai dai duk inda fiyano yake, akwai ƙorafin da ke biye da shi: kiɗa ya danne murya, sauti ya cushe, kalangu ya fito babu rai, ko kuma kunne yana zafi tun ba a kai rabin taro ba.

Idan haka ta faru, wasu su ɗora laifi a kan fiyanon, wasu a kan mai miksa, wato mai kula da na'urar haɗa sautuka, wasu a kan lasifika. Maganin da kowa ke rugawa gare shi kuwa ɗaya ne, wato a murɗa ikwalaiza. A nan ruɗanin yake, domin da yawa suna ɗaukarta abin ƙara ƙarfin sauti, wasu kuma suna zaton tana iya mayar da mummunan sauti kyakkyawa. Wannan sharhi zai fayyace mene ne samfur, mece ce ikwalaiza, da yadda suke haɗuwa a cikin fiyano.

Ma'anar kalmomi

Fiyano, a bakin makaɗanmu, shi ne allon kiɗa mai maɓallai farare da baƙaƙe da ke aiki da lantarki. Samfur kuma ɗan guntun sauti ne na gaske da aka naɗa aka adana, kamar bugu ɗaya na ganga ko busa ɗaya ta algaita. Idan aka danna maɓalli, fiyano sai ya maimaita abin da aka naɗa. A ma'aunin faifan CD, na'ura tana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa kafin ta adana shi a matsayin lambobi.

Sauti kaɗawar iska ne, kuma ana ƙirga yawan kaɗawar a daƙiƙa da ma'aunin da ake rubutawa Hz, wanda ya samo suna daga masanin kimiyya Bajamushe Heinrich Hertz. Kaɗawa kaɗan tana ba da sauti mai kauri, wanda makaɗa ke kira bes. Kaɗawa mai yawa tana ba da siririn sauti mai kaifi, wato tirebul. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga Hz 20 zuwa kusan Hz 20,000, kuma saman yana raguwa da shekaru. Ƙarfin sauti kuwa da desibel ake auna shi.

Babu abin kiɗan da ke fitar da kaɗawa iri ɗaya tak. Idan goge da sarewa suka riƙe murya guda, a ce Hz 440, kunne yana rarrabe su, saboda kowanne yana ɗauke da wasu kaɗawa na sama, irin su 880 da 1,320, a gwargwado dabam. Wannan gwargwado shi ne kamannin sautin. Ikwalaiza, wadda ake rubutawa EQ a jikin na'ura, ita ce ke ƙara ko rage ƙarfin wani yanki na waɗannan kaɗawa, ta bar sauran yadda suke. Ba ta canza kii, wato matakin da aka ɗora waƙa a kai, kuma ba ta gyara kuskuren yatsa. Kamanni kawai take taɓawa.

Asalin lamarin

An fara amfani da ikwalaiza ne a layukan tarho, inda doguwar waya ke cinye wani sashe na murya, sai a yi dabarar maido da shi. Daga nan ta shiga sinima, rediyo da situdiyo. A 1972 injiniya Ba'amurke George Massenburg ya gabatar da nau'in da ke ba mutum damar zaɓar wurin da zai taɓa, da yawan abin da zai ƙara ko ya rage, da faɗin yankin. Irin wannan ce ke cikin manyan fiyano da miksa na zamani.

Kiɗa da samfur na lambobi ya shahara ne da na'urar Fairlight CMI da aka ƙera a Ostireliya a 1979, sai Emulator a 1981. Tsadarsu ta sa sai manyan situdiyo ke mallakarsu. Ensoniq Mirage a 1984 da Akai S900 a 1986 suka sauko da farashi, sannan Korg M1 a 1988, Korg Triton a 1999 da Yamaha Motif a 2001 suka kai sautin samfur ko'ina.

A ƙasar Hausa, fiyanon Yamaha samfurin PSR ne ya canza kiɗan finafinai a Kano tun daga shekarun 1990, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi nazari a kai. A kudancin birnin Kaduna kuwa majami'u ne babbar makarantar masu fiyano. Unguwannin da suka bunƙasa a kewayen masaƙun Kakuri, tun buɗe Kaduna Textiles a 1957, sun tara Atyap, Bajju, Ham, Gbagyi, Adara, Hausawa, Yarabawa, Ibo da sauran ƙabilu, kuma Hausa ce harshen da ya haɗa da yawansu a kasuwa da wurin ibada. Saboda haka fiyano ɗaya yana raka waƙar Hausa da safe, da yamma ya koma kiɗan biki. Wannan ya sa ake matuƙar buƙatar sautin kayan kiɗan gida a cikinsa.

A nan akwai bambancin da ya kamata a sani. Yawancin ƙananan fiyano samfur ɗin da kamfani ya zuba kawai suke maimaitawa, ba a iya ƙara musu sabo. Wasu, kamar PSR-S970 da PSR-SX900, suna karɓar sabbin sautuka da aka shirya a kwamfuta da manhajar Yamaha Expansion Manager. Manyan Korg Pa su ma suna karɓar samfur daga waje. Ta wannan ƙofa ce kalangu, kotso, shantu, kakaki da tulun da zumuntar mata ke bugawa suke shiga fiyano.

Taswirar sauti

Kafin a murɗa komai, sai an san inda kowane abu yake zaune. Waɗannan lambobi kiyasi ne da injiniyoyin sauti ke aiki da shi, kowane sauti yana da nasa hali.

Ƙasa da Hz 60 yanki ne da ƙirji ke ji fiye da kunne. Igiyar ƙasa ta jitar bes tana wajen Hz 41. Daga 60 zuwa 200 nan nauyin ganga da bes yake. Daga 200 zuwa 500 nan ɗumi da cikar sauti suke, kuma nan ne cushewa ke faruwa, domin hannun hagu na mai fiyano, jikin ganga da muryar maza duk a nan suke haɗuwa. Daga 500 zuwa 2,000 shi ne tsakiya, inda algaita da goge ke da ƙarfi, idan ya yi yawa sai sauti ya zama kamar ta hanci ake yin sa. Daga 2,000 zuwa 5,000 nan kunnen ɗan Adam ya fi saurin ji, nan baƙaƙen magana ke fitowa sarai, nan kuma saukar makaɗi a kan fata take bayyana. Sama da 5,000 sai ƙyalli: caki, kuge da sautin harafin s.

Ikwalaiza iri-iri ce. Akwai mai maɓallan murɗawa biyu ko uku, ƙasa, tsakiya da sama. Akwai mai jerin sanduna, sau da yawa 31, da ake daidaita zaure da ita. Akwai irin ta Massenburg mai zaɓen wuri. Akwai kuma matata, wadda ke yanke duk abin da ke ƙasa ko sama da wata iyaka.

Abin da ya sa samfur ya bambanta

Wannan shi ne wurin da ko ƙwararru suke tuntuɓe. Idan aka naɗi busa ɗaya ta algaita aka shimfiɗa ta a kan maɓallai da yawa, fiyano yana samar da sauran muryoyin ne ta hanyar gaggauta samfur ɗin ko jan sa. Idan aka hau oktaf ɗaya, wato daga do zuwa do na gaba, duk kaɗawar da ke ciki tana ninkawa biyu, tsawon sautin kuma ya ragu da rabi. Amon jikin algaita da yake a Hz 1,500 sai ya koma 3,000. Algaita ta gaske ba ta yin haka, domin jikinta bai ƙanƙance ba don mabushi ya hau sama. Shi ya sa samfur ke zama kamar muryar ƙaramin yaro a dama, kamar gurnani a hagu.

Wannan yana da alaƙa kai tsaye da ikwalaiza. Gyaran da aka yi wa samfur a kwamfuta kafin a zuba shi yana bin sa duk inda ya je: idan an rage Hz 400, a oktaf na sama ragin yana komawa 800. Gyaran da aka yi a cikin fiyano ko a miksa kuwa yana nan a wuri ɗaya, ko wane maɓalli aka danna. Don haka aibin da ke jikin samfur, kamar wani amo mai damuwa na ɗakin da aka naɗa, a kwamfuta ake cire shi tun farko. Idan aka bari sai a miksa, aibin zai riƙa yawo daga maɓalli zuwa maɓalli, ikwalaiza kuma tana tsaye tana jiran sa inda ba ya nan.

Misali mafi kusa shi ne gunjin lantarki. Wutar Najeriya tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan waya ba ta da kyau ko babu waya mai shiga ƙasa, wannan gunji yana shiga naɗi a Hz 50 da ninkinsa, 100 da 150. A samfur ɗaya ana iya tsame shi da siririn ragi. Idan an riga an shimfiɗa samfur ɗin a maɓallai, kowane maɓalli yana da nasa gunjin.

Maganin canzawar kamanni shi ne a naɗi samfur da yawa, kowane 'yan maɓallai da nasu, a kuma naɗi bugu mai taushi dabam da mai ƙarfi. Ikwalaiza ba ta maye gurbin wannan aiki.

Kalangu yana da tasa matsala. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kalangu yana magana ne saboda makaɗi yana matsa tsarkiya da hammata, murya ta hau ko ta sauka a cikin bugu ɗaya. Duk wanda ya saurari makaɗan Mamman Shata ya san wannan lanƙwasa. Idan samfur ɗin bugu ne a tsaye, babu ikwalaizar da za ta sa shi magana. Idan kuma an naɗo lanƙwasar, tana zaune ne a 'yan ɗaruruwan Hz, daidai inda ake yawan ragewa don maganin cushewa. Wanda ya rage wurin da yawa zai sami kalangu mai tsabta amma bebe.

Abubuwan da ke jawo matsala

Na farko shi ne asalin naɗi. Samfur da yawa da ke yawo tsakanin masu fiyano da waya aka ɗauke su, ko an yanko su daga tsohuwar waƙa, ko an turo su a matsayin saƙon murya na WhatsApp, wanda ke matse sauti ya zubar da wani sashe. Abin da aka zubar ya tafi. Tela yana iya rage yadi ya fitar da riga, amma ba ya ƙara abin da masaƙa ba ta saƙa ba. Idan aka ɗaga tirebul a samfur ɗin da ba shi da sama, shuuu ɗin na'ura kawai ake ɗagawa.

Na biyu shi ne gyara a kan gyara. Sauti yana ratsa ikwalaiza har huɗu kafin ya isa kunne: ta kowace murya a fiyano, ta fiyanon gaba ɗaya, ta layinsa a miksa, da ta zaure. Idan kowa ya ƙara bes kaɗan, jimillar ta yi yawa. Ƙarin desibel 6 yana nufin amfilifaya ta ba da ƙarfi ninki huɗu a wannan yanki. Daga nan sauti ke fara fashewa, lasifika kuma ta ƙone.

Na uku shi ne gini. Bangon siminti, daɓen tayil da rufin kwano marar silin suna mayar da sauti maimakon su sha shi. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka zangon kaɗawar Hz 50 ya kusa mita 7. Irin wannan dogon zango yana taruwa a kusurwa ya ɓace a wani wuri, sai na baya ya ce bes ya yi yawa, na tsakiya ya ce babu. Haka kuma zauren da aka gwada sauti a cikinsa ranar Asabar babu kowa ba shi ne na Lahadi ba, domin jikin mutane da tufafinsu suna shan tsakiya da sama.

Na huɗu shi ne kunne kansa. Tun 1933 binciken Fletcher da Munson ya nuna cewa idan sauti ya yi ƙasa, kunne ba ya jin bes sosai. Wanda ya daidaita fiyano a ɗaki da dare a hankali zai ƙara bes, idan aka buɗe shi a zaure sai ya yi yawa. Ƙari ma yana yaudara, domin duk abin da ya fi ƙara yana fara zama kamar ya fi daɗi.

Ra'ayoyi mabambanta

Masu miksa da yawa suna son mai fiyano ya bar ikwalaizarsa a sifiri, domin su ne ke zaune inda jama'a ke ji. Masu fiyano kuma suna cewa duk sautukansu ta waya ɗaya ko biyu suke fita, don haka mai miksa ba zai iya rage kaurin ganga ba tare da ya rage na kalangu ba. Kowanne yana da gaskiya a ɓangarensa. Rabon da ya fi dacewa shi ne mai fiyano ya daidaita kowace murya da 'yar'uwarta, mai miksa ya daidaita fiyanon da mawaƙa da zaure.

Akwai kuma saɓani tsakanin masu cewa a rage kawai da masu ganin ƙari ba laifi ba ne. A situdiyo, inda ake da natsuwa da lasifika masu faɗin gaskiya, ƙari kaɗan mai faɗi yana da amfani. A zaure mai makirfo da yawa, ragi ya fi aminci, saboda ba ya cin ƙarfin amfilifaya.

Wasu suna neman lambobin da za su kwafa daga wani gwani, wasu suna cewa kunne ne kaɗai alƙali. Lambobi suna nuna inda za a fara dubawa, amma saitin da ya yi kyau a wani zaure a Barnawa ba lalle ya yi a wani a Unguwar Boro ba.

Ra'ayi mafi nauyi shi ne na masu kishin kiɗan gargajiya. Suna ganin sa kalangu a fiyano yana raba makaɗa da abincinsu, kuma gogewar da ake yi wa sautin tana cire masa ƙura da zizar da suka sa ya zama namu. Masu kare samfur suna amsawa da cewa yaran da ba su taɓa ganin kotso ba a fiyano suke fara jin sa. Abin lura shi ne zizar da ake ji a molo ko gurmi da gangan maƙerinsu ya sa ta. Wanda ya saba da santsin sautukan kamfani zai iya ɗaukarta datti ya goge ta, alhali ita ce ado.

Abin da zai iya biyo baya

Idan aka ci gaba da murɗawa babu sani, asara ta farko kalmomi ne. Waƙar ibada, ta yabo ko ta biki, saƙo take ɗauke da shi, kuma idan fiyano ya cika yankin Hz 2,000 zuwa 4,000, sai mawaƙi ya yi ta ihu ba a fahimtarsa. Ta biyu lafiyar kunne ce. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata ke bi ita ce desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, minti 15 ne kacal. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa, kuma makaɗan da ke tsaye gaban lasifika su ne na farko a layi. Ta uku kuɗi ne, na gyaran lasifika da na sayen sabon fiyano da ake zaton shi ne magani. Akwai kuma zaman lafiya da maƙwabta, domin bes ne ya fi ratsa bango, kuma hukumar kula da muhalli ta NESREA tana da dokar ƙayyade ƙara tun 2009.

Idan kuwa aka fahimci aikin, ana samun sauti mai fita sarai ba tare da an ƙure ƙara ba. Waƙar da aka naɗa ma za ta yi kyau a waya, inda yawancin mutane ke saurare, domin ƙaramar lasifikar waya ba ta fitar da bes na ƙasa, tsakiyar sauti ne ke ɗauke da waƙar.

Matakan da suka dace

A fara daga naɗi: ɗaki marar amsa-kuwwa, makirfo mai kyau, nesa da janareta, da ƙwararren makaɗi wanda aka nemi izininsa aka biya shi haƙƙinsa. A ajiye asalin naɗin ba tare da an taɓa shi ba, a yi gyara a kan kwafi, a kuma tura shi a matsayin fayil na WAV don kada a matse shi.

A yanke ƙasan da babu amfani a duk sautin da ba ganga ko bes ba. A nemo wurin da ke damun kunne ta hanyar ɗaga siririn yanki ana zagayawa da shi har aibin ya fito fili, sannan a rage shi da desibel 2 zuwa 4. A saurari kowane sauti tare da sauran kiɗa da muryar mawaƙa, domin abin da ya yi daɗi shi kaɗai yana iya tare wa wani hanya. A riƙa kashe ikwalaiza ana kunnawa a ƙara iri ɗaya don a tabbatar gyaran ya yi amfani. Idan sai an ƙara desibel 10 kafin samfur ya yi kyau, a sake naɗar wani.

Shugabannin majami'u, masu zaurukan biki da masu situdiyo suna da nasu rabon. Kuɗin da za a kashe a kan silin, labule masu kauri da koyar da matasa biyu ko uku sau da yawa ya fi sabon fiyano amfani. Makaɗan kalangu, kotso da goge kuma suna nan da ransu a Kaduna, Zariya da sauran garuruwa. A gayyace su a naɗi kayansu yadda ya kamata, sannan a sa su saurari abin da ya fito daga fiyano. Idan mai kalangu ya ji ya ce wannan nasa ne, gyaran ya tsaya inda ya dace.